Gwada Mai Karanta Allo Kafin Sabon Zubin Linux Ya Fito: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mana a Legas

Mu 'yan ƙalilan ne, makafi da masu gani, muna haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar a shagon wani ɗan'uwa mai gyaran waya a Agege. Akwai mai zuwa daga Idi-Araba, akwai na Mile 12, akwai wata baiwar Allah da ke tasowa tun daga Obalende da laftof ɗinta a jaka. Abin da ya haɗa mu shi ne mu kunna sabon zubin Linux, wato sabuwar fitowar wannan tsari mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, tun bai fito ba, mu saurara mu ji ko yana magana. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda duk sabon zuwa sai ya yi, shi ya sa muka tattara su wuri guda.

Mene ne mai karanta allo, kuma wanne ake amfani da shi a Linux?

Manhaja ce da ke faɗa maka da murya abin da ke kan allo: sunan maɓallin da ka tsaya a kai, harafin da ka buga, saƙon da ya shigo. Wanda ya saba da TalkBack a wayar Android ko VoiceOver a iPhone ya riga ya san aikin. A Windows akwai JAWS na kuɗi, akwai kuma NVDA wanda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006.

A Linux sunanta Orca. Kamfanin Sun Microsystems ne ya fara aikinta, ta shiga cikin GNOME, ɗaya daga cikin fuskokin allo na Linux, a 2006, kuma Joanmarie Diggs ce ta daɗe tana riƙe da ita. Abin da ya kamata mai gwaji ya sani tun farko shi ne Orca ba ta ganin allo. Kowace manhaja ce ke ba da bayanin kanta ta wata hanya da ake kira AT-SPI, ta ce "wannan maɓalli ne, sunansa kaza". Orca ta karɓa, ta miƙa wa speech-dispatcher, shi kuma ya miƙa wa mai murya, galibi eSpeak NG, sannan sauti ya fito ta lasifika. Sarƙa ce mai zobe huɗu ko biyar. Zobe ɗaya ya tsinke, kai dai shiru kawai za ka ji. Amsar da ke magana kan shiru, can ƙasa, ta dogara ne a kan wannan sarƙar.

"'Yantacciyar manhaja" na nufin kyauta ce?

Haka ake kiran Linux da Orca. Yawanci ba a biyan ko kwabo, amma ba shi ne ma'anar ba. Ma'anar da Richard Stallman, wanda ya fara aikin 'yantacciyar manhaja mai suna GNU a 1983, ya kafa ita ce kana da 'yancin amfani da ita, da duba yadda aka gina ta, da gyara ta, da raba wa wasu. A wurinmu amfanin wannan a fili yake: ƙofar masu ginin a buɗe take. In maɓalli ya ƙi magana, akwai inda za ka rubuta, kowa ya gani, kuma mai gyaran yakan amsa maka da kansa.

Orca na aiki lafiya a kwamfutata yanzu. Me zai sa a sake gwada ta?

Domin kowane sabon zubi yana canza abubuwan da take tsaye a kansu. A sauya manhajar girkawa, a sauya mai kula da sauti kamar yadda aka tashi daga PulseAudio zuwa PipeWire, a sake rubuta wata manhaja da sababbin kayan gini irin GTK 4, duk wannan na iya taɓa magana ba tare da an taɓa Orca kanta ba. Mafi yawan masu ginin suna gani. Mutum ya zana sabon maɓalli mai hoton kwandon shara, ya duba ya ga ya yi kyau, ya wuce. Bai yi mugunta ba, bai dai ji abin da mu muke ji ba: muryar ta ce "maɓalli" kawai, ba suna, ba bayani. In irinsu uku ne a jere, ka rasa wanne ne adanawa, wanne ne gogewa.

Akwai kuma dalili na gida. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma yawancin tokunbo, wato kwamfutocin gwanjo, da muke iya saye ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Mutane da dama za su waiwayo Linux. Muna so makahon da ya waiwayo ya tarar da ƙofa, ba bango ba.

Yaushe ake yin gwajin?

Kafin a saki zubin, ba bayan an sake shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Linux iri-iri ce, kowace da lokacinta. Ubuntu na fitowa kowane Afrilu da Oktoba, mai dogon tallafi kuma duk shekara biyu a Afrilu, kamar 24.04, kuma zubin gwajinsa kan riga shi da 'yan makonni. Fedora ma sau biyu take fita a shekara, tana kuma ware ranakun gwaji da kowa zai iya shiga. GNOME na fita a Maris da Satumba. Debian ba ta da tsayayyar rana, kusan duk shekara biyu ce: ta 12 a Yunin 2023, ta 13 a Agustan 2025. Kafin ta fita akwai watannin da ake dakatar da shigar da sababbin abubuwa a mai da hankali kan gyara, kuma rahoton da ya shiga a wannan lokacin ya fi samun kunne.

Ban iya rubuta manhaja ba. Ina da wani amfani a nan?

Ƙwarai kuwa. A cikinmu mutum ɗaya ne ya iya, kuma ba shi ya fi gano matsala ba. Wadda ta fi kowa ita ce baiwar Allahn nan ta Obalende, domin kullum da kunne take aiki, ta san yadda ya kamata akwatin adana fayil ya yi magana, da ya canza ko da kalma ɗaya sai ta ce a tsaya. Abin da ake buƙata haƙuri ne da iya faɗin abin da ya faru bi da bi.

Ni mai gani ne. Zan iya taimakawa da gwajin?

Za ka iya, da sharaɗi ɗaya: ka kashe allo, ka ajiye linzami. In laftof ce ka rufe fuskarta da kwali ko ɗankwali. Ba wasa muke ba a kan wannan. Mun gwada barin allon a buɗe, sai muka ga ido na satar amsa ba tare da mai shi ya sani ba. Muryar ta yi shiru, idonka ya ga akwatin da ya buɗe, hannunka ya danna Enter, ka wuce, ka ce lafiya lau. Makaho a wurin nan zai tsaya cak.

Hanya mafi kyau ita ce ku zauna biyu. Makahon yana tuƙi da kibod, mai ganin yana gefe da takarda da biro, bakinsa a rufe. Sai an maƙale sannan zai faɗi abin da ke kan allo, kuma a rubuta wurin a matsayin matsala ko da an wuce shi daga baya. Ni mai wannan rubutu makaho ne, ƙanena ne ke zama mini. Farkon zuwansa bai iya daurewa, sai in ji ya ce, "Yaya, ga shi nan a dama, danna kawai." Na ce masa ranar da ba ka nan wa zai faɗa mini? Tun daga ranar ya koyi yin shiru yana rubutu.

Me zan tanada?

Filash mai gigabait 8 ko fiye, iyafis mai waya, da kwamfutar da babu abin da za ka yi kuka a kansa in ya goge. Kada ka yi gwaji a kan wadda kake cin abinci da ita. Tsohuwar Dell ko HP ko ThinkPad irin waɗanda ke cike a Computer Village ta Ikeja ta wadatar, har ma ta fi, domin irinsu ne a hannun mutanenmu, kuma masu ginin ba lallai su gwada a kansu ba. Iyafis mai waya muka ce saboda na Bluetooth ba ya haɗuwa sai an shiga ciki an saita shi, kai kuma tun kafin nan kake buƙatar ji. Ga hayaniyar janareto da ta titi, wadda ke cinye ƙaramar lasifikar laftof.

Ana iya gwadawa a kwamfutar cikin kwamfuta, irin VirtualBox, kuma yana da amfani don duba manhajoji. Sai dai ba zai nuna maka matsalar katin sauti na gaske ba, wadda ita ce ta fi yawan kayar da mu.

Daga ina gwajin yake farawa?

Daga maɓallin kunnawa. Wannan ita ce amsar da muka fi so a riƙe. Tambayar da muke aunawa da ita guda ce: makaho shi kaɗai a ɗaki, da filash a hannu, zai iya girka wannan abin har ya kai ga aika saƙo?

Matakin farko ba ya magana ko kaɗan, domin jerin zaɓen inda kwamfuta za ta tashi na kamfanin da ya ƙera ta ne, ba na Linux ba. A Dell da Lenovo yawanci F12 ne, a HP F9. Nan sai hadda, ko a sa mai gani ya saita sau ɗaya filash ta riƙa zama ta farko. Bayan nan ne aikin mai gwaji ke somawa. A manhajar girkawa ta Debian, in kwamfutar na da ƙararrawa za ka ji ɗan ƙara, sai ka danna s sannan Enter, girkawa mai magana ta fara. In katin sauti ya fi ɗaya, za ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ce ka danna Enter a wanda ka ji. A zubin da ke tashi kai tsaye da GNOME ko MATE, wadda ita ma fuskar allo ce, ka jira ya gama tashi ka danna Super da Alt da S tare. Super shi ne maɓallin nan mai tambarin Windows. Ka ƙirga daƙiƙa nawa ka jira, kuma ka lura ko akwai wani sauti da ya sanar da kai cewa lokacin dannawa ya yi. In babu, rubuta.

Sannan ka bi shafukan girkawa da Tab da kibiyoyi: harshe, tsarin kibod, yankin lokaci, Wi-Fi, rabon faifai, suna da kalmar sirri. Wurare biyu ne suka fi ba mu wahala. Na farko yankin lokaci, in an yi shi da taswira sai an danna da linzami, ka duba ko akwai akwatin da za ka rubuta Lagos. Na biyu rabon faifai, kuma shi ne mai haɗari. A wani zubin gwaji mun taɓa tarar da faifai biyu da muryar ke kiran kowanne da kalma ɗaya tak, ba girma, ba suna. Ɗaya na kwamfutar ne, ɗaya kuma filash ɗin da ke ɗauke da karatun wani ɗalibi. Ba don ƙanena na zaune ba, da an yi asara. A wurin mai gani wannan ƙaramin aibi ne, a wurinmu kuwa dalili ne na a dakatar da sakin zubin.

An gama girkawa. Sai me?

Cire filash, sake kunnawa, ka saurara. Shafin shiga yana magana? Zaɓinka na murya ya biyo ka cikin sabon gidan, ko sai ka sake kunna ta? Debian kan riƙe shi in da murya ka girka. In ka kulle faifanka da kalmar sirri, sani cewa wurin shigar da ita yana zuwa tun kafin Orca ta tashi, galibi shiru ne, sai ka san lokacin da kanka.

Daga nan sai ayyukan yau da gobe, ba yawon buɗe ido a cikin saituna ba. Haɗa Wi-Fi ko hotspot na waya. Buɗe Firefox, ka yi tsalle tsakanin kanun shafi da H, tsakanin mahaɗai da K, ka cike fom. Rubuta wasiƙa a LibreOffice, ka adana, ka rufe, ka nemo ta a cikin fayiloli. Soka filash ka ji ko an sanar da kai. Cire iyafis ana cikin magana ka mayar. Rufe murfin laftof ka buɗe bayan minti biyar. Yi sabuntawa, ka kula da akwatin da ke neman kalmar sirrin mai iko da kwamfutar, domin yakan buɗe ba tare da muryar ta koma kansa ba. A ƙarshe ka kashe kwamfutar da kibod kaɗai.

Waɗanne maɓallan Orca ne dole in sani?

Akwai maɓallin Orca, wanda Insert ne a tsarin kwamfutar tebur, Caps Lock kuma a tsarin laftof. Shi da Space na buɗe saituna. Shi da H na shigar da kai yanayin koyo, inda duk abin da ka danna za a faɗa maka aikinsa ba tare da an aikata ba, Escape kuma ya fitar da kai. A tsarin laftof, shi da U, I, O na karanta layin baya, na yanzu, da na gaba, ko da Tab ba ya kaiwa wurin. Wannan na ƙarshen kayan aikin mai gwaji ne sosai: in ka ji rubutu da shi amma Tab bai taɓa kai ka can ba, ka samo abin rubutawa.

Ta yi shiru gaba ɗaya. Yaya zan gane inda matsalar take?

Koma kan sarƙar da muka ambata a amsar farko, ka bi ta daga ƙarshe. Ƙara sauti tukuna, domin sau da yawa katin ne ya tashi a kulle. Buɗe taminal, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta espeak-ng sannu. In ka ji, mai murya da lasifika lafiya suke. Sai spd-say sannu. In wannan ya yi shiru alhali na farko ya yi magana, speech-dispatcher ne. In duka biyun sun yi magana, rubuta orca --replace don ta sake tashi. In kuwa tana magana ko'ina ban da cikin manhaja ɗaya, to laifin manhajar ne, ba ta ba da bayanin kanta ba. Mai gani zai iya tabbatar da haka da Accerciser, wadda ke nuna ainihin abin da manhajar ke aika wa Orca.

Ina yawan jin Wayland. Mene ne ruwansa da mu?

Shi ne sabon tsarin da ke kula da allo da kibod, ya gaji tsohon X11. Fedora ta koma kansa tun 2016. Don tsaro, ba ya barin wata manhaja ta saurari abin da ake bugawa a wata, ita kuwa Orca aikinta ke nan. Shekaru aka yi wasu maɓallanta na gardama, har GNOME 48 na Maris 2025 ya kawo gyaran da ya sa suke aiki daidai a kansa. Saboda haka kowane rahoto ya faɗi wanne kake kai. Rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE a taminal, zai gaya maka.

Tana karanta Hausa?

Tana karantawa, amma da bakin baƙo. Duk lokacin da muka duba jerin muryoyin eSpeak NG da espeak-ng --voices, mukan ga Swahili, Amharik da Oromo, ba mu ga Hausa ba. Da muryar Turanci kalmominmu kan fito a karye. Wasunmu na sa muryar Swahili domin wasulanta sun fi kusa da namu, a ji a fahimta ko da babu karin sauti.

Inda muke so a matsa gwaji shi ne haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Rubuta "ƙasa" da "kasa", "ɓata" da "bata", ka ji ko muryar ta bambanta su. Bi harafi-harafi da kibiya ka ji me take kiran ƙ: ta tsallake shi, ta karanto wata lamba, ko ta ba shi suna? Ɗalibin da ke rubuta jarrabawa da Hausa dole ya san wanne ya buga. In ba mu kai wannan rahoton ba, babu wani a Jamus ko Amurka da zai kai shi, domin bai san akwai bambancin ba. Mai son a samu muryar Hausa nan gaba zai iya ba da muryarsa a Common Voice na Mozilla, akwai sashen Hausa a ciki.

Yaya ake rubuta rahoton da za a kula shi?

"Orca ba ta aiki" ba rahoto ba ne, kuka ne, kuma mai gyara ba shi da inda zai kama. Abin da yake so shi ne ya maimaita matsalar a tasa kwamfutar. Faɗi sunan zubin da ranar da aka gina shi, lambar Orca daga orca --version, Wayland ko X11, da irin kwamfutar. Sannan matakan ɗaya bayan ɗaya: na buɗe kaza, na danna Tab sau uku, na sa ran jin kaza, ga ainihin kalmomin da na ji. In a zubin baya yana aiki, faɗi, domin abin da ya lalace bayan yana lafiya ya fi saurin samun gyara. Matsala ɗaya, rahoto ɗaya. Ka kuma faɗi nauyinta: ta hana ka wucewa ne sam, ko akwai zagaye?

Ana iya neman ka haɗa da fayil ɗin bin sawu, wanda Orca ke rubutawa in ka tashe ta da --debug-file. Ka kula, duk abin da ta karanta a lokacin yana ciki. Kada ka buɗe saƙonninka ko shafin banki yayin da yake ɗauka. Turancinka ba sai ya yi kyau ba, gajerun jimloli sun isa. Mukan tsara namu da Hausa tukuna, sannan wani ya juya.

Ina ake kai shi?

In Orca ce ko wata manhajar GNOME, sai shafinsu na karɓar rahoto, GitLab na GNOME. Debian na da reportbug, wanda ke aiki a taminal kuma ta imel yake tafiya, ga makaho ya fi sauƙi. Ubuntu na da ubuntu-bug da ke kai wa Launchpad, Fedora kuma Bugzilla. Matsalar girkawa ta masu zubin ce. In ka rasa na wa ne, kai wa masu zubin, za su tura inda ya dace. Ka fara bincikawa ko wani ya riga ka, in ya riga ka sai ka ƙara naka bayanin a ƙarƙashin nasa.

Na kai rahoto, wata guda ba amsa.

Yana faruwa, kuma yana da ciwo, musamman in abin ya tsayar maka da aiki. Masu kula da wannan fannin kaɗan ne ƙwarai, da yawansu kuma sa-kai suke yi. Duk lokacin da sabon zubin gwaji ya fito ka sake gwadawa, ka koma ka rubuta cewa har yanzu tana nan, da kwanan wata. In sun ce ka gwada wani gyara, yi da wuri ka ba su amsa. Rahoton faifai biyun nan da na ambata ya yi makonni ba motsi, sai da mutum na biyu daga wata ƙasa ya ce shi ma ya gani, sannan aka ɗauke shi.

Wanne zan ba makahon da zai fara yau?

Kada ka ba shi zubin gwaji, wannan namu ne masu neman matsala. Ba shi tsayayyen zubi. Da yawa cikin makafi sun fi son MATE saboda jerin zaɓukansa a miƙe suke, ba ya kuma nauyi a tsohuwar kwamfuta, shi ya sa mukan fara mutum da Debian mai MATE. Akwai waɗanda aka gina da makafi a zuciya, kamar Slint da Accessible-Coconut na Indiya. Mai na'urar rubutun Braille kuma BRLTTY ce za ta haɗa shi da Orca, sai a sa ta cikin jerin abin gwadawa.

Data da wuta fa?

Fayil ɗin zubi ɗaya kan kai gigabait da yawa, don haka mutum ɗaya ke saukewa da dare, ya duba lambar tantancewarsa da sha256sum don kada a kwana ana neman matsalar da rabin fayil ya jawo, sannan a kwafa wa kowa ranar Asabar. Da Ventoy filash ɗaya na ɗaukar zubi uku ko huɗu, sai dai jerin zaɓensa ba ya magana, saboda haka in gwajin tashi daga farko za a yi, mukan rubuta zubi ɗaya shi kaɗai a filash. Kada a fara girkawa sai batir ya cika, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rabon faifai, sai an koma farko. In batirin laftof ɗin ya mutu, kamar na yawancin tokunbo, a jira mai shago ya tada janareto tukuna.